Indararo na Biyu

Ɗakin kakata soro ne na ƙasa, a can ƙuryar gidanmu da ke Soron Ɗinki. Kakana ne ya gina shi tun ba a haifi mahaifina ba. Sauran ɗakunan gidan an rushe su ɗaya bayan ɗaya an mayar da su na bulo da rufin kwano. Shi kaɗai ya rage, domin Iya, haka muke kiranta, ta ce ba za ta kwana cikin gwangwani ba tana da ranta. Rufinsa azara ce aka jera, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe. A sama akwai rawani, ɗan gajeren bangon da ya kewaye rufin, sannan indararo guda ɗaya da ke zuba a lungun gabas.

Da shekaru suka tura, rufin ya ɗan kwanta ta baya, wajen arewa. Ba a ganin haka daga ƙasa. Sai ka hau bayan an ɗauke ruwa za ka tarar ya taru a wannan kusurwa, nesa da indararon, yana jiran rana. A da wannan ba abin damuwa ba ne. Kowace bazara, kafin hadarin farko, magini yakan zo ya cike tsaga, ya shafe da makuba, a share bakin indararo, shi ke nan. Amma a daminar da na dawo daga bautar ƙasa an yi wani ruwa wanda bai daɗe ba, sai dai ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya tsaya a kan rufin har idon sawu, ya tsattsafo ta tsakanin azara, ya ɗiga a kan gadon Iya. Aka janye gadon aka tara roba. Magini ya zo ya duba, ya ce in aka ƙara ƙasa a kusurwar an ƙara wa tsohuwar azara nauyi ne kawai. Abin da ya fi, a huda rawanin ta arewa a sa indararo na biyu.

Ta arewa kuwa gidan Malam ne, maƙwabcinmu na baya. Barebari ne, kakanninsu suka zo daga Barno suka zauna tun kafin namu su san unguwar. Malam ya ɗan girmi Baba, mahaddaci ne, yana rubuta Alƙur'ani da hannu. Daidai ƙarƙashin inda za a huda, madafar matarsa ce, ita ma ta ƙasa, jingine da bangon Iya. A cikin birni kuwa ruwan rufinka ba ya sauka a gidan wani sai da yardarsa. Indararon da ka tarar, inda ka tarar da shi nan za ka bar shi. An sha zuwa gaban mai unguwa kan abin da bai kai wannan ba.

Ni a lokacin ba ni da wani aikin kirki. Ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi da safe, da yamma in zauna a shagona, ɗakin kwanana da ke kusa da zaure, ina karatu a waya. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma a shekarar ƙarshe na fi mayar da hankali kan ruwan sama. Abin da na sani ba shi da yawa, amma ya ishe ni rashin sukuni. Duniya tana ƙara ɗumi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururin ruwa, tana riƙe shi, ranar da za ta sake shi kuwa sai ta sake shi gaba ɗaya. Don haka masana suna ganin mai yiwuwa ne hadari mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi nan gaba, har a ƙasashen da ruwansu bai cika yawa ba irin namu. Wace shekara, wace unguwa, wane rufi, wannan babu wanda ya ce. Da farko in na karanta irin wannan gabana faɗuwa yake. Daga baya ya daina. Nakan karanta ne kawai in kashe wayar, kamar wanda ya duba agogo.

Da bazara ta kama, wata Juma'a bayan la'asar, Baba ya same ni a zaure. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, ba ya ma cika kallona in yana min magana. Ya tsaya yana duban ƙofa.

"Kai da ka karanta abin nan," in ji shi, "ka je ka yi wa Malam bayani. In ni na je, roƙo ne. In kai ka je, ilimi ne."

Na ce to.

Kafin in tafi na shiga wajen Iya. Ɗakinta ko a tsakiyar bazara da sanyinsa, ga ƙamshin turaren wuta da ya kama bango. Tana zaune a bakin gado tana ɓare goro da ɗan ƙaramin magoginta.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana, "an ce kai ne za ka je roƙon ruwa gidan Barebari."

"Ba roƙon ruwa ba, Iya. Roƙon a bar mu mu zuba musu."

"To ka ji. Shekara da shekaru kana boko, abin da ka samo ke nan, zuba wa mutane ruwa. Da na san haka mijin nawa zai ƙare, da tuni na nemi takardata."

"Wa zai kwashe ki?"

"Masu mota suna nan suna layi. Kai ko keke ba ka da shi." Ta tura goron a baki. "Wai ruwan naku na boko daban yake da wanda muka sani?"

Na ce ruwan ɗaya ne, zuwansa ne mai yiwuwa ya sake. Ta ce ɗakin nan ya ga ruwan da ya ci rabin unguwa bai motsa ba. Na ce haka ne. Ban ce mata kududdufin da ke shanye ruwan unguwar a wancan zamanin yanzu an cike shi an yi shaguna a kai ba. Ta fi ni sani, a gabanta aka yi.

Washegari da hantsi na je gidan Malam. Yana zaure a kan buzu, takardu a cinyarsa, ga kwalbar tawada a gefe. Na tuɓe takalmi na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Iya da jiki, ya tambayi makaranta. Sannan na fara. Na kwana ina shirya maganar, amma da na buɗe baki sai ta yi ta tsawo, kowace jimla sai na ɗaura mata wata a baya don kada in faɗi abin da ya wuce sanina. Ya ajiye alƙalami ya saurara har na gama.

"Wato ruwan ƙaruwa zai yi," in ji shi.

"Allah gafarta Malam, ba lallai jimillarsa ta ƙaru ba. Zai iya yiwuwa ranakun ma su ragu. Amma in ya zo, ya zo da yawa a lokaci guda."

"Bana?"

"Ban sani ba. Babu wanda ya sani."

"Wannan kam ka faɗi gaskiya." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe ku ma kuna zuwa nan ku tsaya."

Ya ɗauki alƙalaminsa ya duba bakinsa.

"Ku huda," ya ce. "Iya uwata ce. Tuwonta na ci na girma. Gobe ma in kun so ku huda."

Na ce madafa ce a ƙasan wajen, kuma bangonta na ƙasa ne.

"Madafa ta ga ruwa kafin yau. Ka gaida Alhaji."

Na dawo ina ganin an gama. Da Baba ya taso daga kasuwar Ƙofar Wambai, inda yake sayar da yadi da zare, na faɗa masa. Ya zauna a kan dakali ya cire hula ya riƙe.

"Nan take ya ce haka?"

"Nan take."

"Bai ce zai yi shawara da iyalinsa ba?"

"Bai ce ba."

Baba ya juya hular a hannunsa.

"Ka ga abin da nake gudu ke nan," ya ce. "Da ya ja, da na san yadda zan yi. Mutum ya miƙo maka bangonsa ko dubawa bai yi ba, kai kuma sai ka sa hannu ka karɓa?" Ya mayar da hular. Sai ya juyo ya dube ni, abin da ba ya yi. "In ka ce dole ne, zan rufe ido in huda. In kuwa wataƙila ce, ba zan zuba wa Malam ruwa a kan wataƙila ba."

Na ce, "Baba, ba zan iya cewa dole ba. Abin da zan iya cewa, ya fi kusa da a ce za a buƙace shi."

"Ya fi kusa," ya maimaita, kamar yana auna yadi. Ya tashi ya shiga gida.

Ba a huda ba. Magini ya zo ya yi yaɓen da ya saba, ya tafi. Malam ya taɓa tambayar Baba a ƙofar masallaci, "Alhaji, ban ji ƙarar aiki ba." Baba ya ce, "Za a yi, Malam, in sha Allahu." Malam bai sake tambaya ba, don kada ya zama kamar yana gorin abin da ya bayar. Baba bai sake tayarwa ba, don kada ya zama kamar yana jiran a roƙe shi ya karɓa. Kullum suna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Umma, mahaifiyata, ta gwada lallashin Iya ta dawo ɗakin bulon da ke kusa da nata har damina ta wuce. Iya ta ce in an gaji da ita a faɗa mata kai tsaye.

Damina ta shigo da sauƙi. Ruwa kaɗan kaɗan, wani lokaci mako ya wuce ba ko ɗigo. Duk sanda aka yi, ina hawa in duba kusurwar, in sauko. Ba na jin tsoro, ba na jin kwanciyar hankali. Ina hawa ne kawai.

Ranar da abin ya faru, an yi kwanaki ana wani irin zafi mai danshi wanda riga ke manne wa mutum a baya. Baba bai fita kasuwa ba, yana fama da mura. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa, ta ɗauke kwanon wani gida ta wuce da shi ta saman namu yana juyawa. Sannan ruwan ya sauko. Kafin Umma ta gama kwashe shanya tsakar gida ta cika, kwata ta daina ja, ruwan lungu ya fara dawowa ciki.

Baba ya shiga wajen Iya ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Iya, ki fito haka nan har ya tsagaita."

"Ina lazimi."

"Iya."

"In zai faɗo ai a kaina ya kamata ya faɗo. Ni ya sani."

Baba ba zai ɗaga uwarsa da ƙarfi ba. Ya fito, ya ɗauki bokiti, ni ma na ɗauka, muka kafa tsani muka hau. Indararon yana aiki iyakar ƙarfinsa, bakinsa cike, yana harba ruwa har bangon da ke tsallaken lungu. Amma abin da ke sauka ya fi abin da ke fita. A kusurwar arewa ruwan ya kai ƙwauri. Muka riƙa ɗiba muna tafiya da shi gabas muna zubarwa ta kan rawani, domin ko a lokacin Baba bai yarda a watsa ko bokiti ɗaya gidan Malam ba. Ƙasar rufin ta yi laushi, ƙafa tana nutsewa. Na san nauyinmu mu biyu ma ƙari ne a kan azarar, na san kuma ɗibar ba ta rage komai. Na ci gaba da ɗiba. Abin da na fi tunawa shi ne ina lura da yadda ɗigon ke da girma, ina tunanin ashe haka yake a ido.

Sai muka ji bugu ta arewa. Kan tsani ya bayyana a bayan rawanin, sannan babban ɗan Malam, wanda yake tela ne a Shahuci, magidanci da 'ya'yansa, ya leƙo riƙe da diga. Na matsa na duba ƙasa. Malam ne da kansa yake riƙe da tsanin, ba hula, riga ta manne masa.

Baba ya ɗaga murya. "Malam, madafar."

Malam ya ce wani abu, ruwa ya cinye.

"Ya ce ku matsa," in ji ɗan nasa.

Muka matsa. Ya sara, ya sake sara. Rawanin ya riga ya jiƙa, bai yi gardama ba. Wani gutsure ya ɓalle, ruwan ya bi shi, ya kwarara kan madafar ja wur da ƙasa. Muna tsaye muna kallo yana raguwa daga ƙwauri zuwa idon sawu. A nan ne na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin ƙafata, ba da ƙarfi ba, kamar an karya kara. Baba ma ya ji. Muka sauka. A ciki azara ɗaya ta tsage ta lanƙwaso, ƙasa tana zuba a kan dardumar Iya. Wannan karon da Baba ya ce ta fito sai ta miƙe. Ni da Umma muka riƙe ta muka ratsa ruwan tsakar gida da ita zuwa ɗakin bulo.

Soron bai faɗi ba. Madafar Malam ce ta zauna kafin magariba, a hankali, ta rufe tukwane da murhu. Ba kowa a ciki. Washegari muka ji an yi asarar gidaje a wasu unguwanni, har da rai. Na yi salati kamar yadda kowa ya yi. Na ci tuwona, na wanke hannu, na shirya darasin gobe.

Baba ya je yi wa Malam jaje da sassafe. Ban bi shi ba. Abin da na sani, Malam ya ce ba ya son jin zancen madafa, Baba kuma ya turo magini da bulo ba tare da ya sake tambaya ba, Malam ya fita masallaci ya bar su suna aiki. A haka aka rabu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda maganata ta koma. A zaure, a masallaci, a wajen mai shayi, sai aka fara cewa, "Ai yaron nan ya faɗa." Ban faɗa ba. Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na ce hadari ɗaya ba ya tabbatar da komai, a da ma ana yin irinsa jefi jefi, abin da ake magana a kai shi ne ko zai riƙa yawaita, kuma wannan sai an ɗauki shekaru ana gani. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai akwai tawali'u." Mutane suka fara tsayar da ni a hanya suna tambaya ko su yi shanyar hatsi gobe. Wataƙilar da ba ta isa a huda bango ba, yanzu an ɗauke ta an mayar da ita sani.

Iya ta ƙarasa daminar a ɗakin bulo. Da rana zafi, in an yi ruwa kuma kwanon ya hana ta jin kowa. Ba ta yi ƙorafi ba. Tsokanar ma ta ragu. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maigida, ya ɗakina?" In ce yana nan.

Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, magini ya buɗe kusurwar ya cire azarar da ta tsage ya sa sabuwa, ya mayar da ƙasa, ya gyara hudar da aka yi ya kafa indararo na biyu. Ya sa masa bututu ya sauko har ƙasa ta gefen sabuwar madafar. Baba ya tambaye shi sauran azarar fa. Ya ce waɗanda ya gani da sauransu, waɗanda bai buɗe ba Allah ne ya sani.

Ranar da aka gama, Iya ta sa aka kira Baba, ni ma aka kira ni. Umma tana tsaye a bakin ƙofa. Iya ta riga ta naɗe dardumarta ta ɗaure kayanta a zane.

"An gama, ko?" ta ce.

"An gama, Iya," in ji Baba.

"To a mayar da ni."

Baba ya dubi ƙasa. "Ga mai ilimin nan. Abin da ya ce shi za a yi."

Babu abin da ya ƙaru a sanina tun bazara. Ɗakin zai iya kai shekaru masu yawa yana tsaye, har ya ga bayanmu duka. Zai iya kuma haɗuwa da hadarin da ya fi wancan a damina mai zuwa ko ta bayanta, wanda indararo biyu ba za su ishe shi ba. Iya tsohuwa ce. Ban san damina nawa ta rage mata ba, kuma na san inda take so ta yi su.

Na ce, "Kada ta koma."

Iya ta ɗago ta dube ni.

"Ka tabbata zai faɗo?"

"A'a."

"Amma ka ce kada in koma."

"E."

Ta daɗe tana kallona. Na jira ta tsokane ni, ta ce wani abu game da boko ko miji marar keke. Ba ta ce ba.

"To," ta ce. Ta jawo ƙullin kayan ta fara kwance shi. Hannunta ya kasa ƙullin, Umma ta matso ta taya ta. "A ɗauko min randata. Ruwan robar nan ba ya sanyi."

Ni na ɗauko. Na shiga soron, sanyinsa na nan, na kwashe ruwan randar na rungumo ta, na dawo na ɗauki gammonta na ƙasa. Baba ya ja ƙofar soron ya sa kwaɗo. Na ajiye randar inda Iya ta nuna, a bayan ƙofa, na je famfo na fara cika ta.